Wata takwas da sa wa tsohuwar Corolla ta turbo a Jos

Hawan Kibo ne ya sa na shiga wannan hidima. Duk sanda na taso daga Abuja da iyali da kaya a but, da zarar mun wuce Akwanga mun kama hawan, sai Corolla ta, ƙirar 1998 mai injin 4A-FE lita 1.6, ta koma giya biyu tana nishi, ni kuma ina bin bayan tirela ina shaƙar hayaƙi. Motar lafiyarta ƙalau. Jos ce ke bisa tudu, sama da mita 1,200, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba, ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin takwas. Injin da ke zuƙar iska da kansa kuwa, iya abin da ya shaƙa iya ƙarfinsa.

Aikin turbo ke nan: hayaƙin da zai fita ta salansa shi ke juya wata 'yar farfela sama da sau 100,000 a minti, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa wa inji iska da ƙarfi. Na sayi turbo ƙarama, ta hannu, muka kai gareji. Kafin bakaniken ya taɓa komai sai da ya gwada matsin kowace silinda, sannan ya ce, "Malam, injinka zai ɗauka, amma ƙarin matsin iskar kada ya wuce bar 0.4. Fistin ɗin nan ba don wannan aka ƙera su ba." Na ji daɗin wannan magana, domin mai son kuɗina kawai ba zai faɗa ba.

Ashe ita kanta turbo ɗin ce mai arha. Sai da aka ƙera sabon bakin salansa, aka ja mata bututun baƙin mai, aka huda kaskon ƙasa don man ya koma, aka sa ɗan lagireto mai sanyaya iska a bayan bamba. Mako uku motar tana kwance.

Inda muka yi kuskure shi ne wajen fetur. Mun bar nozul na asali masu fesa wa inji fetur da ƙwaƙwalwar mota ta asali mai auna man da za a fesa, alhali ita ba ta san an ƙara iska ba. Ranar gwaji a hanyar Bukuru, ina taka totur a giya uku sai na ji wata ƙara siririya, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwanin madara. Na ɗaga ƙafa nan take. Da aka kwance fulogi, bakinsu fari fat kamar alli, alamar iska ta yi wa mai yawa, wuta kuma tana tashi kafin lokacinta. Da na yi taurin kai na ci gaba da takawa, da fistin ya narke. Dole na sake sayen manyan nozul da famfon mai, na nemo wanda ya iya saita ƙwaƙwalwa da kwamfuta, kuma samunsa ya fi komai wuya. Wannan har yau yana min ciwo, don tun farko ya kamata a gaya min. Bayan wata biyu kuloci ma ya fara sulɓewa, aka canza.

To, ta biya? A kan hanya, ƙwarai. Ƙasa da juyin inji 3,000 a minti tana nan yadda na santa, amma da allura ta haura sai ka ji wani ɗan fito, kujera ta tura ka. Hawan Kibo yanzu da giya uku nake cinye shi, in wuce tirela hankalina kwance. A cikin gari kuwa, tsakanin Terminus da Farin Gada, kusan ba ta da wani amfani. In ka lallaɓa ta, shan manta bai canza sosai ba. In ka taka, tanki zai gaya maka, ga yadda fetur ya koma tun cire tallafi a 2023. Baƙin mai nakan canza shi da wuri, mai kyau kuma, sannan in na dawo daga tafiya sai na bar ta tana aiki minti biyu kafin in kashe, don kada man ya ƙone a cikin turbo.

Wanda motarsa ɗaya, da ita yake kai yara makaranta, ban ba shi shawara ba. Maƙwabcina ya zo da Golf ɗinsa yana tambaya, na ce ya fara nemo mai saita ƙwaƙwalwar, su yi ciniki, kafin ya sayi ko ƙusa ɗaya.