Sharhi kan fim ɗin Here: falo ɗaya, kyamara a kafe

Robert Zemeckis ne ya ba da umarni a wannan fim na 2024, Tom Hanks da Robin Wright ne manyan jarumansa, tsawonsa minti 104. Daga littafin zane na Richard McGuire na 2014 aka ɗauko labarin.

Dabarar guda ce. An kafe kyamara a kusurwar wani falo a Amurka, ba ta waiwaye, ba ta bin kowa, sai dab da ƙarshe. Idan za a sauya zamani, wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu ne ke buɗewa a kan allo, ya nuno wurin a wata shekarar, sannan ya faɗaɗa ya cinye hoton. Labule da kujeru da samfurin talabijin su ke gaya maka shekarar da ake ciki, don haka a riƙa lura da su.

Gwaɓin labarin na iyalin Al da Rose ne, waɗanda suka sayi gidan a 1945 bayan Al ya dawo daga yaƙin duniya na biyu. Ɗansu Richard (Hanks) ya auri Margaret (Wright) a wannan falon, suka tare a nan, ya ajiye zanen da yake so ya kama aikin inshora. Ita kuwa kullum maganarta ɗaya, su samu nasu muhallin. Duk wanda ya san gidan yawa a Agege ko Idi-Araba, inda kuɗin haya da na ejan suka hana ango fita daga gidan mahaifinsa, ba sai an yi masa bayani ba. A nan ne fim ɗin ya yi ƙarfi.

Matsala ta farko fuskoki ne. An mayar da Hanks, haifaffen 1956, saurayi da fasahar ƙirƙirarriyar basira. Daga nesa ba laifi, amma da ya matso gaba sai fatar ta yi santsi fiye da kima, murya da tafiya kuma na dattijo. Ta biyu, ƙananan labaran sun yi yawa: matuƙin jirgi, mai ƙera kujera, iyalin zamanin korona. Kafin ka saba da su an wuce. Kiɗan ma yana matsa wa mutum lamba ya yi kuka.

Kada a kalle shi a waya cikin danfo. Hoton mai faɗi ne, mutane kan yi ƙanana a ƙuryar ɗaki, akwatunan kuma ɓacewa suke a ƙaramin allo. A samu talabijin, a kunna rubutun ƙasa domin maganganu na hawa kan juna, a tanadi janareta saboda yankewar wuta na tsinke zaren. Akwai shan giya da sumbata, ba na zama da ƙananan yara ba ne. Na ba shi 6 cikin 10.