Naira dubu 185 ya cinye min a kan lasin tirela, ya miƙo min katin bogi

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da yaran mota. Yau kwana biyar ban yi barcin kirki ba, in ban amayar da abin da ke cikina ba zuciyata za ta fashe. Naira dubu 185. Wani mutum ya karɓi naira dubu 185 a hannuna da sunan zai yi min lasin tuƙa tirela, aji G, ya kawo min kati mai sheƙi da hotona a jiki, ashe roba ce kawai aka buga a wani shago. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Kafin wani ya ce ni na kai kaina, ku saurare ni. Shekarata 29, bakwai daga ciki a bayan mota na yi su. Na fara daga wankin mota da ɗaure tamfol, har maigidana ya fara sakar min sitiyari da dare in ya gaji. Daga Dawanau mu ɗauki hatsi, mu bi Kaduna, Tegina, Mokwa, mu haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho har Legas, babu ramin da ban sani ba a hanyar nan. Ina yin ribas da cikakken lodi in shiga lungun da wasu masu lasin sai sun sauko an shigar musu. Takarda ce kawai ba ni da ita. Da maigida ya ce akwai wani kamfani da ke ɗaukar direbobi kuma zai tsaya min, amma sai da lasin aji G, na je tambaya aka ce sai na fara shiga makarantar koyon tuƙi, na yi darasi 26. Na ce ni da na shekara bakwai a kan titi, me za a koya min a ƙaramar mota? Ga kuɗin makaranta, ga wata guda ba na bin mota, iyali me za su ci? Wannan tunanin nake yi a bakin ofishin lasin lokacin da mutumin ya same ni.

Wallahi a masallaci muka haɗu. Abin da ke ta dawo min ke nan. Sallar azahar, sahu ɗaya, kafaɗata na gogar tasa. Dattijo mai furfura a gemu, farar shadda, ga katin aiki rataye a wuya ya juya shi ciki. Da muka fito yana sa takalmi ya dube ni ya ce, "Ƙanina, na ga tun safe kake zagaye, me ya kawo ka?" Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce, "Kai da ka iya mota ai ba sai an wahalar da kai ba, makaranta ta 'yan koyo ce. Ka bar min komai." Ya buɗe jaka ya fito da katunan lasin sun fi ashirin an ɗaure da roba, ya ce duk na direbobin tanka ne da ya yi wa. Muna tsaye mutum biyu suka wuce suka ce "Alhaji barka da rana", ya ɗaga musu hannu. To ku gaya min, wa zai ga wannan ya yi zargi? A sahu ɗaya fa muka yi salla. Ni ba yaro ba ne, na yi mu'amala da 'yan kamasho a tasha iri-iri, na san idon macuci, wannan ko ɗar ban ji ba.

Dubu 100 na fara ba shi. A'a, dubu 35 ne farko, a ranar, kuɗin hannu, ya ce na fom ne da takardar asibiti. Dubu 100 ɗin bayan kwana biyu na tura masa a wajen mai POS, kuɗin adashin da na shekara ina zubi. Sannan dubu 50 da ya kira ni da dare ya ce an samu matsala a Abuja, aji G sai wani babba ya sa hannu, in ba a biya kafin safiya ba fayil ɗina zai koma ƙasa. Wannan dubu 50 ɗin wajen yayana na ranto, na tashe shi daga barci. 35 da 100 da 50, dubu 185. Kullum sai na sake lissafawa kamar zai ragu.

Ranar da abin ya tonu, mu kusan goma sha biyu ne a layi a harabar kamfanin, maigidana na tsaye a gefe don shi ya kawo ni. Ma'aikacin ya karɓi katina ya buga lambar a kwamfuta, ya sake bugawa, ya kira wani ya zo ya duba. Sai ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan?" Lambar ba ta cikin rumbun bayanan hukuma kwata-kwata. A gaban mutane. Maigida ya sunkuyar da kai, mutumin da ya riƙe ni shekara bakwai bai taɓa kama ni da ƙaryar naira biyar ba, ya ce min a hankali, "Kai ma da hankalinka?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Albarkacinsa aka bar ni na tafi, da 'yan sanda za a kira min.

Na manta ban faɗi maganar hoton ba, kuma nan ne ya kamata in farga. Na tambaye shi fa, wallahi na tambaya. Na ce, "Alhaji, ba sai na shiga ciki an ɗauki hotona da yatsuna ba?" Ya ce na'urar ciki ta lalace sati biyu ke nan, shi zai tura kai tsaye. Ya tsayar da ni jikin farin bango ya ɗauke ni da wayarsa, ya fito da tawada na dangwala yatsu goma a farar takarda, ya kwafi lambar NIN ɗina. Ganin ya nemi NIN ne ma ya ƙara kwantar min da hankali, don na san da gaske ana nema. Ba wai ban yi tambaya ba ne, na yi, amsa ce ya tanada ga kowace tambaya. Ko takardar wucin gadi ya ba ni, mai tambari, na yi sati uku ina yawo da ita a aljihu ina nuna wa abokai.

Jiya na koma ofishin. Wani jami'in kiyaye haɗurra ya zaunar da ni ya yi min bayani, ya ce mutumin ba ma'aikacinsu ba ne, kuma ba ni ne na farko da ya zo da irin wannan kuka ba. Ya ce kuɗin lasin kansa naira 15,000 ne na shekara 3, naira 21,000 na shekara 5. Dubu 21! Ni na ba da dubu 185. Ko da an haɗa da kuɗin makarantar da hukuma ta amince da ita, da gwajin tuƙi na VIO, wato jami'an duba motoci, da takardar lafiya daga asibitin gwamnati, ina da yaƙinin da na yi ragowa. Gudun kashe kuɗi ya sa na bi ta wajensa, ga shi na kashe ninkin-ba-ninkin, kuma har yanzu makarantar tana jirana.

Lambobin wayar Alhajin nan biyu duk a kashe. Sunan da ya fito a risitin POS na mace ne, ba nasa ba, a lokacin ya ce asusun matarsa ne. Mai shayin bakin masallacin ya ce ya kai wata guda bai gan shi ba. Ina da risitin dubu 100 ɗin, ina da saƙonnin WhatsApp, ina da muryarsa inda yake rantsuwa da Allah cewa katin na gaske ne. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa 'yan sanda, in sun ba ni izini zan saka hotunan duka a nan ku gani, har da katin.

Ku dai kada ku ba kowa kuɗi a bakin ƙofa. In ba ka shiga ciki da ƙafarka an ɗauki hotonka da yatsunka a na'ura ba, ba lasin gaske ba ne. Wanda aka riga aka yi wa ta hannun wani ya je a duba masa lambar tun yau.

Aikin kamfanin ya wuce ni, sun ɗauki wani. Yayana bai ce min komai ba a kan dubu 50 ɗinsa, shirun nan nasa ya fi zagi ciwo. Matata har yanzu ba ta san adashin ya tafi ba. Jibi za mu ɗauki masara zuwa Ibadan, zan koma saman lodi in ɗaure tamfol kamar yadda na fara. Dubu 185, kuma a sahu ɗaya muka tsaya.