Goro a Jamaika, zoɓo a Kozumel: labarin kwana bakwai a teku

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaida Inna da kyau, ina gaida Anti da yara, da fatan hunturun bana bai matsa muku ba. Ka tambaye ni a waya ko tafiyar jirgin ruwan nan ta ci kuɗinta, na ce ka bari in zauna in rubuto, domin maganar ta fi ƙarfin minti biyar.

Daga Galbeston muka tashi ranar Lahadi, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga gidanmu a Hustan, a jihar Teksas ta Amurka. Ni da maman yara ne kawai, yaran mun bar su wajen maƙwabta 'yan uwa. Jirgin gari ne guda a kan ruwa, ga bene kan bene, ga asibiti, ga kantuna, ga dubban mutane. Kwana biyu babu abin da muke gani sai ruwa, sannan muka tsaya tsibirai uku a jere: Jamaika ranar Laraba, Babban Kayman ranar Alhamis, Kozumel ta ƙasar Meksiko ranar Juma'a. Kowane waje ana ba ka daga safe zuwa wajen la'asar, sai jirgi ya ɗaga.

A cikin jirgi babu abin da zan kushe game da hidima. Wuta ba ta ƙifta ko sau ɗaya ba, ruwan zafi a famfo dare da rana, ana gyara ɗaki kullum ba sai ka yi magana ba. Wanda ke kula da ɗakinmu Musulmi ne ɗan Indonesiya, da ya ga darduma sai ya yi mana sallama, kuma shi ya nuna mini tashar talabijin da ke nuna inda jirgi ya dosa, da ita nake kintatar alƙibla. Irinsu kan yi wata shida zuwa tara ba su ga iyalinsu ba, kuma babu ranar hutu a mako. Saboda haka tukuicin da ake cira kai tsaye daga asusunka, wajen dala 16 zuwa 18 kan kowane mutum a kowace rana, ban ji ciwonsa ba. Sai dai ya kamata mutum ya sani tun daga gida cewa farashin da ake tallatawa ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Abinci na cikin kuɗin tikiti, amma lemon kwalba da ruwan gora da intanet duk sai ka saya daban, kuma ba a karɓar kuɗi a hannu, katin ɗakinka kawai za ka miƙa, shi ya sa mutum ba ya jin fitarsu sai daren ƙarshe da aka kawo takarda. Intanet ɗin da na saya ya fi komai ba ni haushi, kuɗin kwana ɗaya ya fi abin da kake sa wa wayarka a wata, amma ranar da na kira Inna sau uku yana yankewa. Naman halal kuwa sai ka nema tun makonni kafin tafiya. Mu ba mu yi haka ba, sai muka tsaya ga kifi da ƙwai da shinkafa da ganye, kuma ba mu kwana da yunwa ba.

Abin da na fi so in ba ka labari shi ne sauka. Tun daren jajibiri kamfani ke tallar yawon da ya shirya: bas zai ɗauke ku daga bakin jirgi, a kai ku wuri huɗu ko biyar cikin awa shida, kuɗin mutum ɗaya yakan kai dala 80 ko ya haura 100. Yana da amfaninsa, don in motar kamfani ta makara jirgi zai jira ta, wanda ya fita da ƙafarsa kuwa in ya makara sai dai ya tsaya a bakin ruwa yana kallon jirgi na tafiya da kayansa. Mu dai muka yanke shawara cewa a kowane tsibiri abu ɗaya za mu yi, mu yi shi a tsanake, mu dawo saura awa biyu a rufe ƙofa. Na bar agogona a kan lokacin jirgi, domin a watan Janairu tsibiran uku duk sun riga Teksas da awa ɗaya, kuma waya kan sauya lokaci da kanta ba ka sani ba.

A Jamaika garin Falmos muka tsaya, hedikwatar gundumar Tirelani, gundumar da aka haifi Usain Bolt mai gudun nan. Tashar da jirgi ke tsayawa an buɗe ta a 2011, an kewaye ta da shinge, a ciki akwai kantunan gwal da agogo da turare da riguna, komai da dalar Amurka, komai tsaf-tsaf. Mutane da yawa a nan suke yini su koma jirgi su ce sun ga Jamaika. Mu muka fita ƙofa. Gaskiya da fitarka za a yanyame ka, wannan na cewa tasi, wancan na cewa zai zagaya da kai gari, wata na son yi wa maman yara kitso. Turawan da muka fito tare da su wasu suka juya da baya. Ni kuwa wanda ya saba sauka a tashar Unguwa Uku bai ga abin tsoro ba, ka gaisa, ka ce ka gode, ka ci gaba da tafiyarka.

Allah ya sa ranar Laraba ce, ranar babbar kasuwar garin, wadda suke kira kasuwar sunkuyo don a ƙasa ake baza kaya. Yaya, da a ce an rufe mini ido an ajiye ni a wurin, da sai in rantse kasuwar wani gari ce a kudancin Kaduna. Ga doya tuli-tuli, don Tirelani ita ce gidan doya a ƙasar, ga rake, ga kuɓewa, ga citta, ga attaruhu mai ƙamshi, ga alayyafo wanda su ke kira kalalu. Muna cikin zagayawa na hango wani abu ja a faranti gaban wata dattijuwa, na ɗauka na shinshina. Goro ne. Su bisi suke ce masa, sunan ya biyo bayin da aka kwaso daga ƙasar da ake kira Gana yanzu. Ba sa tauna shi kamar mu, busar da shi suke su goge su dafa kamar shayi, maganin ciwon ciki da guba. Da na gaya mata cewa a garinmu ba a ɗaura aure ba a raɗa suna sai da shi, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ni ma sai da idona ya kawo ruwa. Mun fi rabin awa a rumfarta, ta nuna mini aki, ɗan itacen da suke soyawa da busasshen kifi mai gishiri, abincin da ƙasar ke alfahari da shi. Shi ma daga Afirka ta Yamma aka kai shi, shi ne wanda fataken goro na da suke kira gwanja kusa.

Goron nasu bai kai namu ba, ƙanana ne kuma a bushe, ba za a haɗa shi da ɗan daushe da ake sayarwa a Mariri ba. Zoɓonsu kuwa, wanda suke kira soril, ya ji citta sosai, sai dai ka tambaya kafin ka sha domin da yawa kan zuba masa giyar rake, musamman lokacin Kirsimeti. Gasasshiyar kazarsu mai yaji ta yi suna a duniya, ƙamshinta kuma ya kai, amma a wuraren da na leƙa kan waya ɗaya ake gasa ta da alade, sai muka haƙura. Muka ci a wani ɗan shagon 'yan Rasta, su ba sa taɓa alade, yawancinsu ma ba sa cin nama, aka ba mu shinkafa da wake da aka dafa da madarar kwakwa da miyar ganye, mu biyu ba mu kashe abin da mutum ɗaya zai biya a cikin shinge ba. Kwakwar da na gani dala 5 a tasha, a kasuwa ko rabin haka ba ta kai ba, kuma ana ciniki kamar gida.

Akwai wani abin da ya tsaya mini a rai. A tsakiyar garin akwai dandalin da ake kira Dandalin Ruwa, domin tun wajen 1799 aka janyo wa Falmos ruwan famfo daga kogin Mata Bure, kafin birnin Niyok ya samu. Kuɗin sukari ne ya yi aikin, sukarin kuwa gumin bayi ne, waɗanda ba su samu cikakken 'yanci ba sai 1 ga Agusta, 1838. Na zauna a wurin ina tuna 'yan garuwa da kurarsu a layinmu, shekara fiye da 200 bayan wannan. Wanda ke cikin bas yana tseren ganin wuri biyar ba zai samu zaman yin wannan tunanin ba.

Babban Kayman labarinsa gajere ne, tsada ce. Babu inda babban jirgi zai jingina, a tsakiyar ruwa yake tsayawa a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage zuwa Jojtawun, babban birnin tsibirin, layin shiga da na dawowa kaɗai kan ci awa guda. A watan Afrilun 2025 an yi ƙuri'ar jin ra'ayi kan gina tashar, mafi yawan 'yan tsibirin suka ƙi, suna tsoron lalata murjanin teku da cunkoson baƙi. Yanki ne da ke ƙarƙashin Ingila, ana tuƙi ta hagu, babu harajin albashi, bankuna sun cika gari, amma kusan komai shigo da shi ake yi a biya kwastan mai nauyi, ruwan sha ma daga teku ake tace shi. Kuɗinsu ya fi dalar Amurka daraja, in ka miƙa dala 20 a shago, 16 za a lissafa maka. Sai ka kula da wane kuɗi aka rubuta farashi kafin ka ce a kawo. Mun tsallake tasi muka shiga ƙaramar bas ta 'yan gari, irin hayis ɗinmu ce sak sai dai ba a cusa mutane, ba ta kai dala 3 kan kowa ba, ta sauke mu a bakin rairayin da suke kira Mil Bakwai. Yashi fari kamar garin alkama, ruwa kana ganin yatsun ƙafarka a ciki. Doka ta ba kowa damar taka bakin ruwan ko da otal ne a bayansa, kujera da lema ne ake haya. Muka shimfiɗa zani ƙarƙashin bishiya muka yini, kaji na kiwo a gefenmu kamar a tsakar gida. Ban sayi komai a tsibirin ba sai ruwa.

Kozumel ce ta fi arha a cikin ukun, ita ce kuma ta fi cika, don jirage da yawa kan tsaya rana ɗaya. Titin bakin ruwa na garin San Migel kantunan baƙi ne zalla, masu kira kamar 'yan Kantin Kwari. In ka yi haƙuri ka shiga ciki layi biyar ko shida, farashi ya koma kuɗin peso, kiran ma ya ɗauke. A kasuwar gari maman yara ta nuna wani jan abin sha a babban tulun gilashi, aka zuba mata, ta kurɓa ta dube ni. Zoɓo ne, a nan kuma sunansa hamaika, wato yadda suke furta Jamaika. Kusa da shi ga ruwan tsamiya, ga wani fari da ake yi da shinkafa da kirfa mai kama da kunun aya. Nasu tsinkakke ne, babu citta babu kanumfari, na Inna ya fi shi nesa ba kusa ba. Inda suka fi mu shi ne tsafta da tsari, an rufe tulu, ƙanƙarar ta ruwan da aka tace ce, farashi a rubuce a allo, mai zubawa ba ita ke karɓar kuɗi ba. Ruwan famfonsu kuwa ko su ba sa sha, manyan gorori ake kai wa gidaje. Mun ci soyayyen kifi da gurasar masara, bayan na tambaya ko da man alade aka yi waken, don a can sukan sa, aka ce eh, muka bar waken. Tasi ba su da mita, kuɗin kowace unguwa a ƙayyade yake, amma ka tambaya kafin ka shiga, wani direba ya nemi ninka mana da ya ga katin jirgi a wuyanmu.

Na duba kayan fatarsu da kyau saboda sana'arka. Takalma da jakunkuna da bel suna da yawa, ɗinkin ya miƙe, an goge bakin fata, zif mai kyau, an sa a kwali da takarda. Amma fatar kanta, na murza na shinshina, ba ta kai jar fatar akuyar Sakkwato laushi ba. Jakar da aka ce mini dala 60, in dukawan Kano suka samu zare da zif irin wannan, tasu za ta fi ta. Na sayi ƙarama guda ɗaya don ka warware ta ka ga yadda suka yi ɗinkin ciki da naɗin baki.

Kan tambayarka ko ku ma za ku iya zuwa, tikitin ya fi sauƙi daga Satumba zuwa Nuwamba, amma lokacin guguwar teku ke nan, ana iya sauya tsibiri ana tsakiyar tafiya. Babban aikin shi ne bizar Amurka wadda za ta bari ka fita ka sake shiga, domin daga nan jirgin ke tashi, nan kuma yake dawowa. Mu da fasfo da katin zama na dindindin muka yi tafiyar.

Jakar da ƙullin garin bisi na Inna suna hannun wani ɗan uwa da zai taho Kano bayan sallah, zan turo maka lambarsa ta waya in ya sa rana. Ka ce wa Inna ta dafa shi kamar shayi, rabin ƙaramin cokali a kofi, ta gaya mini ko ta gane goro ne. Maman yara tana gaida kowa da kowa.