Rimot ɗin tsohuwar dikoda ya koma tuƙa laftof: sharhina kan Flirc

In kana da tsoho a gida da ke son sauraren tafsiri ko kallon wa'azi a laftof amma ba ya shiri da kibod da maus, to wanga ɗan abu ya cancanci kuɗinsa. Sunansa Flirc, girmansa bai wuce filashi ba, a ramin USB ake soka shi. Wani ɗan uwa ya haɗo mani da kayansa da ya yi oda daga waje, don ni dai na zagaya shagunan kayan kwamfuta nan Sakkwato ban ci karo da shi ba.

Aikinsa ɗaya ne, ya ga hasken rimot ya faɗa wa kwamfuta cewa an danna kaza a kibod. Rimot ai haske yake harbawa, infirared, wanda ido ba ya gani, yawancinsu suna ƙyafta shi sau dubu 38 a daƙiƙa, na tsarin RC-5 na Philips dubu 36, na Sony dubu 40, kuma kowane madanni da tasa lambar. In kana son ka gani da idonka buɗe kamarar waya ka saita kan rimot ka danna, a yawancin wayoyi za ka ga ɗan ƙwan yana walƙiya fari-fari ko shunayya, da haka ma nake gane batir ya mutu ko da saura.

Saitin bai ba ni wahala ba. Ka sauke manhajarsu, ta nuna maka hoton kibod, ka taɓa madannin da kake so sannan ka danna na rimot, shi ke nan ya haddace. Abin da ya fi burge ni shi ne haddar a cikin ɗan abun take zama ba a kwamfuta ba, ko ka cire ka kai wata laftof ɗin, Windows ce ko Linux, za ta ɗauka kibod aka jona mata, babu wani sake saiti. Wanda ya taɓa fama da LIRC ko WinLIRC, manhajojin da ke sa kwamfuta ta ji rimot, zai gane mi nake nufi, can sai ka zauna kana gyaran fayil kana neman lambobin rimot ɗinka, kyauta ne kam kuma suna aiki, amma ba aikin mai gaggawa ba ne.

Ni VLC, manhajar kunna bidiyo da sauti, na ɗaura masa. OK na mayar da shi Space don tsayawa da ci gaba, canza tasha sama da ƙasa suka zama N da P, wato na gaba da na baya, jan madannin nan F don hoto ya cika allo, na kashe murya kuma M. Sai na jera karatuttukan Baba a jeri guda, laftof na kan kanta an ja mata HDMI zuwa talabijin. Yanzu yana kishingiɗe bisa darduma zai mayar da karatu baya ya sake jin inda ya wuce shi, da can kuwa sai ya ƙwala kira, kai zo ka maido mani wurin nan, ko kana tsakiyar cin tuwo. Kuma rimot ɗin ba baƙo ba ne a hannunsa, shekaru ya yi yana danna shi, ko a duhu ya san inda komai yake, wannan shi ne ribar gaba ɗaya a wurina. Da Kodi ma, wata manhajar kallon bidiyo, yana tafiya lafiya tunda dama don rimot aka tsara ta.

Sai dai infirared infirared ne, sai sun ga juna. Yaro ya gitta tsakani, ko ramin USB ɗin yana bayan laftof, ka yi ta danna a banza. Kebul ɗin ƙari na USB na saya na leƙo da shi gaban kanta, magana ta ƙare. Rana ma tana dame shi don ita kanta cike take da irin wannan hasken, kuma kowa ya san ranar garin nan, da la'asar in ta faɗo ta taga sai an saki labule ko a matso kusa. Lokacin hunturu kuma a riƙa share masa ƙura.

Wurin zaɓen rimot a kula, a samo wanda babu na'urar da ke jinsa a ɗakin, in ba haka ba ka danna sau ɗaya talabijin ta amsa laftof ta amsa, shi ya sa na tsohuwar dikoda ko DVD da ya mutu ya fi. Na AC kam a bar shi, dogon saƙo yake turawa da sanyi da fanka da komai a haɗe, ba madanni ɗaya lamba ɗaya ba.

Rubutu ne dai ba ya yi. In za a nemo sabon karatu a YouTube dole a taso a kama kibod, don haka duk ranar da data ta samu nake sauke masa na sati in zuba cikin jerin.