Awon jini a wata kilinik ta Yamai: aiki mai tsabta, bayani kaɗan

Kilinik ɗin mai zaman kanta ce, ƙarama, kuma labo ɗinta, wato ɗakin awo, yana gida ɗaya da ɗakin ganin likita. Ba ciwo ne ya kai ni ba. Shekaruna sun haura arba'in, kuma mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta daɗe tana fama da ciwon suga da hawan jini ba a gano ba sai da suka taɓa mata ƙoda. Shi ya sa na roƙi likita ya rubuta mini ordonans, ya sa awon ƙwayoyin jini da suke kira NFS, da na suga, da na ƙoda, da kolesterol (kitsen da ke cikin jini), da na ciwon hanta nau'in B.

Tun ranar da na kai takardar, yarinyar da ke karɓar mutane ta yi abin da ya kwanta mini a rai. Ta ce: "Hajiya, daga ƙarfe 10 na dare kar ki ƙara sa komai a baki, ki zo kafin 8 na safe. Ban da shayi, ban da kunu, ban da goro. Amma ruwa zalla ki sha abinki." Wannan magana ta ruwa ba ƙarama ba ce. Mutane da yawa suna hana kansu har ruwa kamar a watan azumi, su iso cikin zafin Yamai jiki a bushe, jijiya ta ɓuya, a yi ta soka musu allura ana nema. Abinci ne ake so a bari na awa 8 zuwa 12, don kar ya ɗaga suga a jini.

Ɗibar jinin kanta ba ni da abin cewa sai yabo. Ma'aikaciyar ta tambayi sunana, ta rubuta shi a jikin kwalaban a gabana, ta sa safar hannu, ta yage ledar sabuwar allura ina kallo. Ta ɗaure mini dantse da roba, ta goge wurin da auduga, suka ɗaya ta samu jijiya. Kwalba uku ta cika: mai murfi shunayya ta NFS, mai ruwan toka ta suga, mai ja ta sauran. Allurar kuma nan take ta jefa ta cikin kwalin da aka tanada. Na sa ido a kan wannan sosai, domin ciwon hantar da na zo awonsa yana daga cikin cututtukan da allurar da aka maimaita ke yaɗawa.

Kuɗi sun haura jika 20, kuma ba ni da inshora. Da nauyi, amma rasiɗin ya nuna farashin kowane awo daban, ba a dunƙule ba.

Layi dai ba tsari. Ba lamba, kuma wanda ya san wani a ciki yana wucewa. Akwai wani dattijo mai ciwon suga da ya zauna tun sassafe bai karya ba, har hannunsa ya fara rawa. Irinsa ya kamata a fara kira.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne wurin karɓar sakamako da yamma. Ambulan ake miƙa maka a liƙe, ciki Faransanci ne da lambobi da gajerun haruffa, ba mai ce maka uffan. Kana son bayani, sai ka sake biyan kuɗin ganin likita. Wata baiwar Allah da ta zo daga ƙauye ta miƙo mini tata takardar tana cewa, "Ƴar uwa, duba mini, lafiya ce ko?" Ta biya kuɗinta, an ɗebi jininta, za ta koma gida da takardar da ba ta ce mata komai ba. Minti biyu na Hausa ko Zabarmanci daga bakin ma'aikaci ɗaya sun ishe ta ta san ko ta ga likita yau ko ta jira.

Ni na biya na shiga, kuma likitan ya yi bayani da haƙuri. Sugana 1,02 g/l, lafiya lau. Ya ce sai ya kai 1,26 a awo biyu daban ake cewa ciwon suga ne. Ƙoda da kolesterol ba matsala. Amma hemogulobin ɗina, sinadarin da ke nuna ko mutum yana da ƙarancin jini, 11,2 ne, alhali mace mara ciki ana so ta kai 12. Ashe kasalar da nake ɗora wa zafin rana ƙarancin jini ne. Ya rubuta mini maganin ƙarin jini, ya ce in riƙa cin hanta da wake da zogale, in daina shan shayi daf da cin abinci domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Awon hanta ya fito ba cuta, sai ya ba ni shawarar rigakafi, allura uku.

Zan koma can bayan wata uku a sake duba hemogulobin, saboda na yarda da hannun ma'aikaciyar labo. Wanda zai je ya isa tun ƙarfe 7, ya riƙe abin karyawa a jaka, kuma ya ware kuɗin ganin likita tun daga gida.