Wace Na'ura Ya Kamata A Saya Wa Ɗalibai Marasa Galihu?

Duk ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko mai hannu da shuni da ya yi niyyar tallafa wa 'ya'yan talakawa da na'urorin karatu, ya kamata ya tuna cewa tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ita ma WAEC ta fara yin hakan a 2024 ga masu rubutawa daga waje. Yaron da bai taɓa ɗora yatsunsa a kan kibod ba, sai ya shiga ɗakin jarrabawa yake fara lalube alhali lokaci yana tafiya, kuma da wannan ma'auni nake auna kowace na'ura.

Wayar hannu ba ta cikin lissafi, domin ba ta koyar da buga rubutu, kuma sau da yawa takan ƙare a aljihun yayan yaron. Tablet tana da amfani ga 'yan firamare, amma da zarar gilashinta ya fashe, kuɗin gyaran yakan kusan kai kuɗin sabuwa. Chromebook kuwa, wato laftof mai aiki da manhajar Google, an gina ta ne domin inda intanet ba ya yankewa.

Zaɓina shi ne laftof ta hannu, irin wadda manyan kamfanoni suka yi aiki da ita suka sauya, kamar Lenovo ThinkPad T480, ko Dell Latitude 7490, ko HP EliteBook 840 G5. An ƙera su ne domin aikin yau da gobe, jikinsu yana jure ƙura da jijjiga, kuma da sukundireba ake kwance su a sauya batir ko ma'ajiya, ga shi masu gyara a Titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja sun san cikinsu sarai. T480 ta fi kwanta mini a rai saboda tana ɗaukar batir biyu, na ciki da na waje wanda ake zarewa da hannu, abin da ke da muhimmanci a makarantar da wuta ba ta zama. A nemi mai RAM (ƙwaƙwalwar aikin na'ura) gigabait 8 da ma'ajiyar SSD (ma'ajiya mai sauri), kuma furosesarta, wato injin da ke sarrafa aikinta, ta kasance Intel zubi na takwas ko sama da haka, domin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar mafi yawan waɗanda suka girmi wannan zubi. Idan babu intanet, sai a zuba manhajar darussa ta Kolibri, da kuma Kiwix, wadda ke buɗe Wikipedia har da ta Hausa ba tare da data ba.

Sai dai kasuwar kayan hannu cike take da algus, kuma mai sayen kaya da yawa lokaci guda shi aka fi cuta. Wani dillali ya taɓa kawo wa ƙungiyarmu laftof masu sheƙi, kowace a cikin leda kamar sabuwa, amma yara suna fara aiki da su batiran suka riƙa mutuwa kafin a gama darasi ɗaya, wasu ma sun kumbura har suka ɗaga kibod ɗin sama. Saboda haka batir nake fara dubawa. A cire caja a bar na'urar tana aiki a gabanku, sannan a buga umarnin powercfg /batteryreport a Command Prompt, wato wurin buga umarni na Windows, wanda zai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa.

Kada a yarda da takardar da aka liƙa a jiki, domin ana liƙa alamar babbar furosesa Core i7 a kan ƙarama i3, ana kuma cire SSD a mayar da tsohon faifai marar sauri. A shiga BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake buɗewa lokacin kunna ta, a tabbatar babu kalmar sirri a kulle, sannan a haɗa na'urar da intanet tun a shago, saboda wasu laftof da Chromebook suna nan a ɗaure da rajistar kamfani ko makarantar Amurka da suka fito, kuma ranar da aka sake saita su sai su kulle. Su ma tablet marasa suna akan sauya musu bayanai su nuna gigabait 128 alhali abin da ke ciki bai kai kwata ba. Cajar jabu kuwa ita ce ke ƙona na'ura a hankali, don haka a dage sai an ba da ta asali.

Kada a biya kuɗi duka sai an gwada kowace ɗaya, a kuma rubuta lambar jikinta a rasit tare da garantin aƙalla wata uku. Gwajin shirin ba kowane yaro laftof da aka yi a firamaren Galadima kusa da Abuja a 2007 ya yi fama da matsalar wuta da lalacewar na'urori, saboda haka tun daga farko a ware wani kaso na kuɗin domin sola da gyara, ko da hakan zai rage yawan waɗanda za a saya.