Filas ɗin katun da na sa aka cika wa yara: ya yi, amma ku shirya amsa tambayoyi

Masu tambaya ta ko filas ɗin katun ɗin nan yana da amfani, eh yana da shi, musamman in kina da yara a gida lokacin hutu kuma data na cinye miki kuɗin cefane. Ni 64GB na saya na kai wani shagon masu tura fim a nan wajen Kawo, yaron shagon ya ce Hajiya me da me za a sa, na ce katun zalla, banda na jini banda na sumbace-sumbace, ya ce an gama. Kuɗin turawar gaba ɗaya bai kai abin da nake kashewa a data ba in suka karɓe min waya suka shige YouTube.

Hoton yawancinsu tas yake. Amma akwai 'yan kaɗan da kana gani ka san a sinima aka ɗauka da kyamara, kana kallo sai kan wani ya gilma ta gaba, kana jin tarin mutane. Wasu kuma hoto na tafiya babu murya a tibi sai an sa a laftof. Da na mayar ya sake turawa bai ƙara min ko sisi ba, wannan kam na yaba masa. Abin da bai yi ba shi ne tsarawa, duk ya zuba su wuri ɗaya babu folda, na biyu kafin na ɗaya, sunayen a hargitse. Don haka ki sa a gwada miki a tibin shagon kafin ki taho. Sannan akwai masu fassarar Hausa a ciki, yara suna mutuwar son su, amma ki saurara da kunnenki tukuna don mai fassarar wani lokacin nasa labarin yake bayarwa, har da baƙar magana da 'yan zage-zagen da babu su a fim ɗin, ni na goge wasu.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne in yaro ya kalli waɗannan fina-finan a jere, yau wannan gobe wancan jibi ya maimaita, sai ya fara hango ramukan da ke cikin labarin, kuma ke za a zo a tsare.

Autana ne ya fara. Umma ina baban Andy, yaron nan na Toy Story? Na ce yana wajen aiki. Ya ce ai har na huɗu ba a nuna shi ba, wane irin aiki ne wannan. Kuma gaskiyarsa, tun Toy Story na 1995 har na 2019 babu inda aka nuna uban nan, ba a ce ya mutu ba ba a ce sun rabu ba. Da na leƙa intanet sai na tarar manya da gemunsu sun shekara da shekaru suna musu a kai, har wani labari ya yaɗu a 2017 wai ciwon shan inna ne ya kashe shi kuma Woody, ɗan tsanan kaboyin Andy, asali na uban ne, sai Andrew Stanton, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta fim ɗin, ya fito ya ce ƙarya ce tsagwaronta. Ni abin da ya fi kwanta min a rai mai sauƙi ne. Wannan shi ne dogon fim na farko da aka yi gaba ɗayansa da kwamfuta, zana ɗan Adam a lokacin aiki ne ja, to me za a yi da uban da labarin bai buƙata. Ku tsayar da fim ɗin wajen bikin zagayowar haihuwar Andy ku kalli yaran da suka zo, fuskarsu ɗaya da tasa, kaya kawai aka canza musu. Mutanen da suka yi wannan tsimin su ne za su tsaya zana uba?

Amma akwai hasashe ɗaya a Toy Story ɗin da nake so ko da ba gaskiya ba ne, wai maman Andy ita ce Emily, yarinyar nan da ta girma ta yar da 'yar tsanarta Jessie a na biyu na 1999. Hujjarsu hular da Andy yake sawa, ja ce mai farin zare a baki irin ta Jessie, ba ruwan ƙasa irin ta Woody ba. Babbar 'yata da na gaya mata sai da ta yi ƙwalla, wai ashe maman ta ga Jessie a ɗakin ɗanta ba ta gane ta ba. Pixar dai, kamfanin da ya yi fim ɗin, bai taɓa cewa haka ne ba.

Ita babbar Frozen ne nata. Ita ta tsayar min da fim ɗin daidai lokacin da aka buɗe ƙofar fada Anna ta fito tana waƙa, ta ce Umma kalli, ga Rapunzel can da gajeren gashinta ita da mijinta cikin baƙi. Kuma su ɗin ne. Daga wannan ɗan gilmawar mutane suka gina gari guda: wai iyayen Anna da Elsa bikin Rapunzel za su je jirginsu ya nutse, wai jirgin ne Ariel take shiga a The Little Mermaid na 1989, wai kuma ba su ma mutu ba, ruwa ya kai su daji suka haifi Tarzan. Wannan na ƙarshen Chris Buck ne ya ƙara masa fetur, shi yana cikin daraktocin Tarzan na 1999 da Frozen na 2013, ya taɓa cewa a ransa haka yake ɗauka. Sai Frozen na biyu ya fito a 2019 ya rushe komai, aka nuna gawar jirgin a can arewa, ashe wani kogin tsafi mai suna Ahtohallan suka nufa neman asalin baiwar Elsa. Ba biki ba Tarzan. Yarinyar nan har yau ba ta yarda ba, wai ai ba a nuna gawarsu ba.

Wanda ya ba mu dariya har da babansu shi ne The Lion King na 1994. Yayansu ya ce maza biyu ne kawai manya a garken, Mufasa da Scar, to waye baban Nala? Shiru ya ɗan ratsa falon. Babansu ya ce in Scar ne ai shikenan aurenta da Simba ɗan Mufasa auren zumunci ne, ɗan wa da 'yar ƙani, mu nan ba baƙon abu ba ne, in kuwa Mufasa ne a kashe tibin nan. Mufasa na 2024 yana cikin filas ɗin, a ciki aka nuna ma Scar, wato Taka, ba ɗan'uwansa na jini ba ne, tsintar Mufasa aka yi bayan ruwa ya raba shi da iyayensa. Toh ko zumuncin ma ya tashi kenan.

Ba duka ne shaci-faɗi ba fa. Mai tallan nan da ya buɗe Aladdin na 1992 yana nuna fitila, an daɗe ana cewa aljanin ne ya rikiɗa, murya ɗaya ce ta Robin Williams, kuma a 2015 daraktocin suka tabbatar haka suka tsara tun farko, wajen da za a bayyana ne aka yanke. Shi kuma labarin da yayansu ya kwaso a makaranta wai Tom da Jerry sun mutu a kan titin jirgin ƙasa a fitowa ta ƙarshe, akwai wadda suka zauna a kan layin dogo cikin baƙin ciki, Blue Cat Blues ta 1956, amma ba ita ce ta ƙarshe ba, an ci gaba da yin wasu bayanta. Ita ma na goge ta, ba ta yara ba ce sam.

Wanda ban saya ba shi ne na Jon Negroni na 2013, wai duk fina-finan Pixar duniya ɗaya ce, wai Boo ta Monsters, Inc. ita ce tsohuwar mayyar nan ta Brave don an ga sassaƙen Sulley, dodon nan abokin Boo, a ɗakinta. Haba. Su ma'aikatan ne ke wasansu, kamar yadda suke cusa motar Pizza Planet ta cikin Toy Story da lambar A113 kusan ko'ina, lambar wani aji ce a makarantar zane da da yawansu suka yi a Kalifoniya. Mu da aka yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wa ya taɓa tambayar kaka yadda aka yi gizo-gizo yake hira da sarki, ana cewa ƙurunƙus kowa ya nemi makwanci. Yaran yanzu rimot ne a hannunsu, su tsayar su mayar baya su kira ki shaida.

Wadda ta gagare ni har yanzu ita ce ta Goofy da Pluto, duka karnuka ne amma ɗaya yana sa wando yana magana har yana tuƙa mota, ɗayan kuma an ɗaura masa igiya a wuya yana haushi. Na ce su tambayi babansu, babansu ya ce su tambaye ni. Autan ne ya raba gardamar, wai shi Goofy an sa shi a makaranta ne.